Wanda ya yi wa jama'a aiki kyauta, ana duba aikinsa?



Yau tambaya na kawo muku. Ta hana ni barci kwana bakwai, shi ya sa nake so mu duba ta tare. Idan mutum ya yi wa jama'a aiki don Allah, bai karɓi ko dala ba, ya kamata a bi bayansa a duba aikin? In an ga kuskure, a faɗa masa, ko a yi shiru don kunya?

Ga abin da ya faru a garin da nake koyar da yaƙi da jahilci, cikin jihar Maradi.

Bayan kaka, samarin garin suka yi shawara su gina ɗakin sana'a. Sun gaji da tafiya ci-rani kowace shekara. Suka ce in akwai ɗaki mai kuran, tela zai kafa kekensa, mai walda ya kafa injinsa, kafinta ma ya samu wuri, yara su koyi sana'a a gida. Maigari ya ba da fili. Aka yi gayya. Wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na buga tubali, mata na kawo ruwa da fura. Cikin mako uku gini ya tashi. Aka rufa kwano, aka sa ƙofar ƙarfe.

Saura waya. Muna da wani mutum a garin, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Ya yi shekara 6 a Abijan yana bin wani mai aikin kuran, yana riƙe masa tsani da kayan aiki. Mutumin kirki ne. Shi ke gyara lasifikar masallaci, bai taɓa cewa a biya shi ba. Ya ce: "Ku bar mini wannan." Ya bar aikin garkarsa kwana biyu, shi da samari biyu, suka ja waya ko'ina. Aka aro janareta aka gwada. Ampul ya kama, keke ya juya, mata suka yi guɗa. Ni ma na yi murna ƙwarai. Sai muka zauna jiran a kawo mana kontar.

Cikin kwanakin nan wani yaro ɗan garin ya zo suna. Ya yi karatun aikin kuran a lakwal ɗin koyon sana'a, yanzu da shi yake ci a birni. Na ja shi don in nuna masa abin alfaharinmu. Ya shiga, ya ɗaga kai, ya kwance wani murfi, ya mayar. Bai ce komai ba. Sai da muka fito hanya ya ce: "Mushe, don Allah kada a haɗa kuran da ɗakin nan yadda yake."

Zan faɗa muku abin da ya gani, domin ku ma ku duba gidajenku.

Ya ce waya iri-iri ce, kowace da kaurinta da nauyin da take iya ɗauka. Ta ampul ita ce mai lamba 1,5. Ta bakin kuran, wato wurin da ake soka wayar inji, ita ce mai lamba 2,5. Injin walda kuwa yana shan kuran da yawa, dole a ja masa tasa wayar mai kauri, shi kaɗai. A ɗakinmu siririyar nan ta ampul aka ja wa kowa, har mai walda. Siririyar waya in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta sai ta yi zafi. Robar jikinta ta narke a hankali. Ba ranar farko ba, wataƙila sai bayan wata shida. Kuma inda aka haɗa waya da waya, murɗawa kawai aka yi, aka naɗe da leda da robar tayar keke. Irin wannan mahaɗi yakan saki, ya riƙa tartsatsi. A ƙarƙashinsa kuma aka shirya ajiye katako da yadi.

Ya ce kuma waya tana da launi don dalili. Shuɗiya ita ce mai mayar da kuran. Ja ko baƙa ko mai ruwan ƙasa ita ce mai kawo shi, ita ce mai kisa. Mai kore da rawaya ita ce wayar ƙasa. A ɗakinmu duk launi ɗaya ne, domin naɗi ɗaya aka saya. Saboda haka aka yi kuskure, aka sa makunni a kan waya mai mayarwa. Ka kashe makunni, ampul ya mutu, ka ɗauka babu kuran. Amma yana nan kwance a mazaunin ampul, yana jiran yatsan wanda zai hau ya canza shi.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne babu wayar ƙasa, babu kuma dijontar mai tsaron rai. A nan zan ɗan tsaya, domin ni ma ban gane ba sai da ya maimaita mini sau biyu.

Kuran da ke shiga gidajenmu ƙarfinsa bolt 220 ne. Yawan abin da ke gudu cikin waya ana auna shi da amper. Amper ɗaya in an raba shi kashi 1000, kowane kashi sunansa miliamper. Wajen miliamper 10 ya isa ya ƙulle hannun mutum a kan waya, ya kasa saki. Daga miliamper 30 zuwa sama numfashi na iya tsayawa, zuciya ta rikice. Jiƙaƙƙen jiki, da zufa, da ƙafa ba takalmi a kan danshi, duk suna buɗe wa kuran hanya. To dijontar da muka saba gani, wato abin nan mai yanke kuran in ya yi yawa, mai lamba 16, ba ya faɗuwa sai kuran ya wuce amper 16. Miliamper 16.000 ke nan. Waya yake tsaro, ba mutum ba. Mutum na iya mutuwa shi ko motsi bai yi ba.

Akwai wani dijontar dabam, an rubuta 30 mA a jikinsa. Aikinsa kamar na makiyayi ne mai ƙirga tumaki da safe, ya sake ƙirgawa da marece. Yana ƙirga kuran da ya fita da wanda ya komo. In ya ga wani ya ɓace a hanya, wataƙila cikin jikin mutum, sai ya yanke nan take. Ita kuwa wayar ƙasa, daga jikin inji take tashi, ta je ga wani dogon ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. In waya mai kawo kuran ta goge ta taɓa jikin inji, sai kuran ya bi ta can, dijontar ya faɗi tun kafin hannu ya kai. Ɗakinmu mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe ba shi da ko ɗaya cikin biyun.

Yaron ya koma birni washegari. Ya bar ni da magana a ciki.

Sai in faɗi gaskiya, kwana bakwai na yi ban gaya wa kowa ba. Kunya ce ta kama ni. Ina zuwa aji da dare, ina ganin Yayan nan zaune a sahun gaba da allonsa. Yaya zan tashi in ce aikin da ya bar garkarsa ya yi mana ba shi da kyau? Ni baƙo ne a garin. Ban ɗauki tubali ko goma ba. Kuma an rene mu a kan cewa ba a raina kyauta. Wanda ya kawo maka ƙwaryar hatsi ba ka tsaya auna ta a gabansa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ban ce a yar da ita ba. Da ita gayya ke rayuwa. In kowa ya san za a kushe aikinsa, gobe wa zai fito?

Amma da na yi ta juya maganar, sai na ga wani abu. Gayyar noma da gayyar waya ba ɗaya ba ne. In an yi maka gayyar noma wani ya bar ciyawa a kunyarsa, da safe za ka gani, ka cire, ba wanda ya ji. In an yi gayyar gini bango ya karkace, kowa na gani, kuma kafin ya faɗi sai ya tsage ya yi gargaɗi. Kuskuren waya ba ya nuna kansa. Ampul na ci, keke na juyawa, kowa na cewa madalla. Mugun aiki da kyakkyawan aiki haske ɗaya suke bayarwa.

Sannan na tambayi kaina: wa aka yi wa wannan kyauta? Mai gona shi ke karɓar gayyar noma. In ya ga dama ya yafe ciyawar, gonarsa ce. Amma ɗakin sana'a, mu da muka yi guɗa ba mu ne za mu yini cikinsa ba. Wani yaro ne ɗan shekara 12 da za a kawo koyon ɗinki nan da shekara biyar. Wata mata ce da za ta zo karɓar ɗinkin salla da goyo a bayanta, ta dafa ƙofar ƙarfe ranar da aka yi ruwa. Ba su zo gayya ba, ba su sha fura ba, ba wanda ya shawarce su. Ni ina da ikon yafe abin da yake nawa. Ba ni da ikon in yafe ran ɗan wani don in tsare fuskata. Na ga ashe shirun da nake yi, ina ce masa ladabi, da ran yaron nan nake biyan kuɗinsa.

Akwai ma wanda ya fi su nisa. Yaron ya gaya mini cewa in an haɗa janareta da wayar ɗaki ba tare da abin da ke raba shi da layin gari ba, kuran na iya komawa baya ya hau layi. Ma'aikacin da ya kashe layi ya hau falwaya yana gyara, ya tabbata babu kuran, sai namu ya same shi a can. Mutumin da bai taɓa jin sunan ɗakinmu ba.

Rana ta takwas na sayi goro, na je gidan Yaya bayan sallar lisha. Ban so a yi maganar a dandali ba. Na faɗa masa duka. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Mushe, shekara 6 ina wannan aiki, ban taɓa kashe kowa ba. Yaron da aka haifa a gabana shi zai gyara mini hannu?" Na ce: "Yaya, ba wanda ya ce niyyarka ba ta da kyau. Ladanka na wurin Allah, ba mai taɓa shi. Amma kuran bai san niyya ba." Bai amsa ba. Goron ma bai ɗauka ba.

Magana ta kai gaban maigari. A nan na ji hujjoji uku, kuma ba na wauta ba ne.

Wani dattijo ya ce wannan butulci ne. Na ba shi amsa da abin da shi ma ya sani. Lokacin da ake sayen gyaɗa a kasuwar koperatif, buhun kowa ake ɗorawa bisa sikeli, har na liman, har na maigari. Ba wanda ya ce an zarge shi da ha'inci. Me ya sa? Domin tun kafin a kawo buhu kowa ya san za a auna. A nan laifinmu yake, mu duka, ba na mutum ɗaya ba. Da tun ranar shawara mun ce duk wanda ya ja waya, gwani zai zo ya duba kafin a haɗa, da ba wanda ya ji kunya. Mun bari sai da aka yi guɗa sannan muka kawo sikeli.

Wani ya ce duk abin da Allah ya rubuta sai ya faru, in kwana ya ƙare ko babu waya za a tafi. Gaskiya ne, ba mai musu. Amma shi wannan mai magana na san ya kewaye rijiyar garkarsa da itace don kada yara su faɗa. Na san yana kai jikokinsa allurar rigakafi. Bai taɓa cewa yin haka rashin tawakkali ne ba. Ban tsawaita a nan ba, shi ma bai ja ba.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, har yanzu ina jin ta. Mai walda ne ya kawo ta. Ya ce: "Wannan doka ta masu kuɗi ce. An rubuta ta a ƙasar Faransa don gidajen siminti. Mu da kuɗin gero muka tara. In sai mun bi ta duka, ɗakin nan ba zai buɗe ba, samari su koma ci-rani. Hanyar ci-rani ita ma tana cin rai."

Akwai gaskiya cikin maganarsa. Littafin ƙa'idar da masu aikin kuran ke koyo da shi a ƙasashe masu Faransanci, wanda ake ce wa NF C 15-100, daga Faransa ya fito, da Faransanci kuma aka rubuta shi. Yayanmu bai taɓa riƙe shi ba, ko ya riƙe ba zai iya karantawa ba. A ganina dokar da talaka ba ya iya karantawa rabin doka ce. Kuma wasu masu ilimin suna faɗin ta da raini, kamar bulala. Wannan ke sa mutane su ƙi ta.

Amma mu duba abin da ke ciki. Jikin Bafaranshe da jikin Bahaushe, miliamper 30 ɗaya yake yi musu. Ƙa'idodin nan ba a zauna an ƙago su don ado ba. Gobara da mutuwa ne suka koyar da su, a ƙasashen da suka riga mu samun kuran. Mu kuwa kuran baƙo ne a wurinmu. An kafa kamfanin NIGELEC a 1968. Layin da ya kawo kuran daga madatsar Kainji ta Birnin Kebbi ya iso Yamai a 1976. Wanda ya fito daga Katsina zuwa Maradi da Damagaram sai a 1994. Ƙauyuka da yawa sai bayan nan suka gan shi. Kakanninmu sun bar mana sanin rijiya, da na wuta, da na maciji, da na tsawa. Kowace tsohuwa ta san ba a barin garwashi kusa da zana. Amma ba kakan da ya bar mana sanin waya. Littafin nan shi ya tsaya mana a matsayin tsoho, ko da yake da baƙon harshe yake magana.

Kuma talauci yana da inda zai rage, yana da inda ba zai rage ba. Ana iya rage yawan ampul. Ana iya rage bakin kuran daga takwas zuwa uku. Ana iya jan waya a saman bango cikin bututun roba, ba sai an fasa gini ba. Abin da ba ya raguwa shi ne kaurin waya, da wayar ƙasa, da dijontar mai lamba 30. Mu kula kuma da kasuwa. Akwai waya mai araha da ake sayarwa, waje ja kamar jan ƙarfe, ciki kuwa alminiyam ne ko baƙin ƙarfe. Ka kankare ta da wuƙa. In ta yi fari, ka bar ta. In maganaɗisu ya kama ta, ka bar ta.

Maigari ya yanke cewa ba za a haɗa kuran ba sai an gyara. Aka sake karo-karo, aka tara jika 70, da ƙyar. Ba kowa ya ji daɗi ba. Ɗaya daga cikin samarin da suka ja wayar farko ya yi fushi ya tafi Agadas, har yau bai dawo ba. Wannan yana cikin raina, kuma ban iya cewa ba ni da hannu a ciki.

Yaron ya dawo daga birni wata Lahadi. Shi ma kyauta ya yi, kuɗin mota kawai aka ba shi. Kafin ya fara ya tafi gidan Yaya ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce: "Baba, ni kaɗai ba zan iya ba, kai ka san inda kowace waya ta bi." Ban san wanda ya koya masa wannan ba, ba ni ba ne. Da hantsi sai ga Yaya da tsaninsa.

Shi ya kafa ƙarfen ƙasa da hannunsa. Sai da aka kafa shi sau biyu. A wurin farko rairayi ne busasshe, abin awo ya nuna ƙasar ba ta karɓar kuran sosai. Aka koma bayan ɗaki, kusa da inda ake alwala, aka ƙara zurfi. Yaron ya ce a sake aunawa cikin bazara, domin ƙasa in ta bushe aikinta na raguwa. Da suka gama, ya ce shi ma kada a yarda da nasa aikin haka nan. Ya kawo wani abokin aikinsa ya bi bayansa da abin awo. Aka samu kusa ɗaya da bai ɗaure ba.

Ɗalibaina sun rubuta takarda da Hausa, da manyan baƙaƙe, mun manna ta kusa da dijontar. In kuran ya kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu. Ka fara yanke kuran. In ba ka iya ba, ka tsaya bisa busasshen abu, ka ture wayar da busasshen itace. A kai shi likita ko da ya tashi ya ce lafiya lau yake. In waya ta kama wuta, kada ka zuba ruwa, ka yanke kuran ka zuba rairayi.

A jikin dijontar mai lamba 30 akwai ɗan maɓalli da aka rubuta wa T. In an danna shi dole kuran ya yanke, in bai yanke ba to ya lalace. Yaya ne ke riƙe da mabuɗin ɗakin yanzu, shi ke danna maɓallin Juma'ar farko ta kowane wata. Ya koma zuwa aji, amma a sahun baya yake zama, gaisuwarmu kuma ba ta kai ta da ba. Tela da mai walda sun fara aiki, yara huɗu na koyo. Kusurwar kafinta ba waya tukuna. Da zarto da hannu yake yi, sai an ga abin da kaka mai zuwa ta kawo.